Mu sayi data mu zauna mu yi kuka

Jama'a, akwai mutanen da aikinsu kenan a jami'a, ana biyansu albashi, su zaunar da mutum gaban talabijin su kunna masa fim, su maƙala masa waya a jiki suna kallon yadda zuciyarsa ke bugawa, in an gama su miƙa masa takarda ya rubuta yadda yake ji. Sama da shekara hamsin ana wannan aikin, galibi a Amurka da Jamus da Ingila. Mu nan in maganar fim ta taso, a majalisa ne ko a rediyo ko a Facebook, kusan kullum hanya ɗaya take bi, ya ɓata tarbiyya ko bai ɓata ba, wance ta sa kaya kaza, wane ya yi rawa kaza. Ban ce wannan ba magana ba ce. Amma akwai tambayar da ta fi kusa da kowa wacce ba mu cika yi ba: shi wanda ya zauna ya kalla ɗin, ya ya tashi? Ransa ya yi sanyi ne ko ya ƙara dagulewa? Kuma tun farko me ya sa ya ɗauki wannan fim ɗin ya bar wancan?

Wanda ya fara riƙe tambayar nan da gaske wani Bajamushe ne da ya yi rayuwar aikinsa a Amurka, Dolf Zillmann. A 1984 shi da abokin aikinsa Jennings Bryant sun yi wani gwaji da duk lokacin da na tuna shi sai na yi dariya. Sun tara ɗalibai suka raba su gida biyu. Kashi na farko aka ba su washa, 'yan ƙarafunan nan masu huda a tsakiya da makanikai ke sawa a bayan noti, aka ce su yi ta zura su a igiyar takalmi ɗaya bayan ɗaya, ba hira ba komai, har gundura ta ishe su. Kashi na biyu kuma aka jibga musu tambayoyi irin na jarrabawa masu wuya, ana ƙayyade musu lokaci, har kansu ya ɗau zafi. Daga nan sai aka ce kowa ya ɗan jira, ga talabijin nan ya kalli abun da yake so kafin a ci gaba. Shirye-shirye shida ne a ciki, uku masu tada tsumi uku masu kwantar da hankali, kuma ba su san ana lissafa minti nawa kowa ya yi a kan kowanne ba.

Masu zura washa kusan gaba ɗayansu suka faɗa kan masu tada tsumin, da ƙyar suka leƙa masu sanyin. Waɗanda aka wahalar da jarrabawa kuwa sun ba shirye-shirye masu sanyi lokaci mai yawa fiye da 'yan uwansu nesa ba kusa ba. Ba wanda ya ce musu ga abun da ya dace da ku, kuma da ka tare ɗaya a bakin ƙofa ka tambaye shi dalili cewa zai yi haka kawai na ga dama. A 1988 Zillmann ya tattara irin waɗannan gwaje-gwajen ya fitar da ra'ayinsa, cewa mutum yana amfani da kallo da sauraro ne don ya daidaita yanayin zuciyarsa, ya rage abun da ke damunsa ya tsawaita abun da ke masa daɗi, kuma yawanci bai ma san yana yi ba. Wato kaman yadda muke shiga kemis ba takardar likita, mutum ya ce a ba ni na ciwon kai, a ba ni na kasala, haka muke yi da rimot da waya. Abun mamakin shine sau da yawa muna dacewa da maganin.

Ku tsaya a shagon masu tura fim a waya da yamma ku saurara za ku ji wannan da kunnenku. Wani ya zo ya ce a sa min na barkwanci, yau kaina ya yi zafi. Wani ya ce ni na faɗa nake so, wanda ba surutu. Wata ta aiko ƙaninta da memori a ƙulle cikin leda, a sa mata fassarar Indiya mai ban tausayi. Mai shagon bai taɓa jin sunan Zillmann ba amma da fuska yake gane me zai tura wa mutum.

Akwai wani abu na biyu da Zillmann ya gano tun 1971 wanda ni a wajena ya fi na farkon amfani. Ya ce in jiki ya tsumu, zuciya na dukan uku-uku, tafin hannu na gumi, to wannan tsumin ba ya sauka da wuri. Tunani yana juyawa cikin daƙiƙa ɗaya, jiki kuwa sai a hankali. Saboda haka ragowar tsumin sai ya hau kan duk abun da ka ji a gaba ya ƙara masa ƙarfi, ko farin ciki ne ko fushi. Shi ya sa masu shirya fim suke barin bos ya yi ta gallaza wa jarumi har sai ranka ya kusa fita kafin a rama, da tun a minti goma aka kama bos ɗin ba abun da za ka ji. Daɗin da kake ji a ƙarshe, rabinsa fargabar da ka sha ce ta canza riga.

Wanda ya taɓa zama a gidan kallon bal ya san wannan a jikinsa. Rumfar kwano, benci ya cika har ana zama a cinyar juna, janareta na ruri a baya, fanka ɗaya tana juya zafi, ana minti tamanin da tara ba ci. Sai a jefa ƙwallo. Mutumin da ko gaisuwar kirki ba ku taɓa yi ba sai ga shi ya rungume ka yana ihu a kunnenka. Ƙwallon da aka ci a minti biyar ba ta sa wannan haukan, alhali duk ci ɗaya ne a allo. To amma tsumin nan ba ya tsayawa a bakin rumfar in an tashi, yana bin mutum har gida, kuma nan ne abun yake daina ban dariya. Wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, David Card da Gordon Dahl, sun ɗauki rahotannin 'yan sanda suka jera su da sakamakon wasannin ƙwallon Amurka, irin wacce ake runguma a gudu da ita, suka wallafa a 2011. Sun ga cewa ranar da ƙungiyar gari ta sha kashi a wasan da kowa ya sa ran za ta ci, rahoton maza masu dukan matansu a gida yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari. In dama an san za a sha kashin, ba a ganin wannan ƙarin. Ba rashin nasarar ba ce kaɗai, bazatar ce. A Jamus kuma likitocin birnin Munich sun ƙirga masu ciwon zuciya da aka kawo na gaggawa lokacin gasar cin kofin duniya ta 2006, suka ga ranakun da Jamus ke wasa adadin ya ninka sau 2.66, a maza ma ya haura ninki uku, kuma ya fi yawa cikin awa biyun farko da take wasa. Dan Allah in akwai dattijo mai hawan jini a gidanku da ba ya wasa da kallon bal, wannan ba labarin Turawa ba ne kawai.

Sai dai ra'ayin Zillmann yana da wani rami babba, kuma tun da wuri aka nuna masa shi. In da gaske mutum daɗi kawai yake nema, me ya kai shi fim ɗin da zai sa shi kuka? Kowa yana da irin wannan 'yar uwar a gida. Ta gama aiki, ta shimfiɗa tabarma, ta jingina wayar da filo, an zo wajen da uwar jarumi ke cikawa a asibiti, tana share hawaye da gefen mayafi tana jan hanci, ka ce Yaya ki kashe mana tunda yana ɓata miki rai, ta ɗago jajayen idanu ta ce kai dalla can, fim ɗin ya yi kyau wallahi. Kuma gobe shi za ta sake kunnawa. Da kuɗinta ta sayi datar.

Wata farfesa mai suna Mary Beth Oliver ita ta ɗauki wannan tun 1993. Abun da ta fara gani shine a wajen masu son irin waɗannan finafinan, iya baƙin cikin da suka ji iya yadda suke cewa fim ɗin ya yi musu daɗi, abun yana tafiya tare ne. Bayaninta shine akwai abun da kake ji, akwai kuma yadda kake ji game da abun da ka ji ɗin. Kana iya jin tausayi ya kama ka har wuya, a lokaci guda kuma ranka yana son ganin kanka a matsayin mai tausayi, ka ji ashe zuciyata ba ta bushe ba. Daga baya a 2011 ita da Arthur Raney suka ce ai dalilan kallo iri biyu ne, akwai neman nishaɗi zalla, akwai kuma neman abun da zai sa ka tsaya ka yi tunanin rayuwa, mutuwa da rabuwa da haƙuri da alkawari. Na biyun ba dariya yake ba ka ba amma mutane suna nemansa da gangan.

A Jami'ar Jihar Ohio, Silvia Knobloch-Westerwick ta gwada abun da ɗalibai 361, ta nuna musu wani fim na masoya biyu da aka raba su har suka mutu a lokacin yaƙi, tana tsayar da su tana tambayar yadda suke ji, a ƙarshe ta sa suka rubuta abun da fim ɗin ya sa su tunawa. Sakamakon ya fito a 2012. Waɗanda baƙin cikin ya sa su tuna nasu mutanen, iyaye, masoyi, aboki, sun tashi suna jin sun fi gamsuwa da rayuwarsu fiye da kafin su zauna. Waɗanda tunaninsu ya tsaya kan kansu, irin su ce Allah na gode ni ban shiga wannan halin ba, ba su samu wannan ƙarin ba. Wannan ya burge ni sosai, don da ni aka tambaya da na ce ai daɗin fim ɗin tausayi shine ka ga wanda ya fi ka shiga uku. Ashe ba nan take ba. Hawayen Yaya ba na jarumin Indiya ba ne duka, wani kason na mahaifiyarta ne da ke ɗaki tana tari.

Binciken da ya fi ba ni dariya a wannan ɓangaren na Jami'ar Oxford ne, ƙarƙashin Robin Dunbar, 2016. Su suna zargin cewa labari mai taɓa zuciya yana sa ƙwaƙwalwa ta saki endofin, sinadarin nan da jiki ke yi da kansa yana rage zafin ciwo. Tunda auna shi kai tsaye yana da wuya da tsada, sai suka bi ta bayan gida: a sa mutum ya jingina bayansa da bango ya lanƙwasa gwiwa kaman yana zaune a kujera alhali ba kujerar, a ga daƙiƙa nawa zai jure. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san wannan horon, cinya har rawa take. An auna su kafin kallo da bayan kallo. Waɗanda suka kalli fim mai ban tausayi juriyarsu ta ƙaru da kusan kashi 13 cikin ɗari, waɗanda aka nuna wa shirin ilimi marar motsa rai tasu ma ɗan raguwa ta yi. Kuma waɗanda juriyarsu ta ƙaru ɗin sun ce sun ji sun fi kusa da mutanen da suka yi kallon tare, alhali ba su san juna ba. Ba kowa abun ya kama ba fa, akwai waɗanda suka kalla suka tashi yadda suka zauna, irin mazan nan da ake kuka suna tambayar ko akwai sauran abinci.

Har tsoro ma haka. A Denmark masu bincike na Jami'ar Aarhus sun bi mutane cikin wani gidan ban tsoro da ake biya a shiga, sun ɗaura musu abun auna bugun zuciya, suka ga daɗin yana tsakiya ne, in tsoron ya yi kaɗan gundura, in ya yi yawa wahala.

To duk wannan yana nuna mutum ya iya zaɓar wa kansa. Inda labarin ya fara canzawa shine da aka daina tambayar me ka ji lokacin kallo aka koma tambayar me ya rage bayan an kashe. Robert Kubey da Mihaly Csikszentmihalyi, kar ku ce in maimaita sunan, sun yi wata dabara tun kafin zuwan salula. Sun raba wa mutane 'yar na'ura mai ƙara da ake ratayawa a ƙugu, tana yin ƙara sau shida zuwa takwas a rana ba tare da mutum ya san yaushe ba, har mako guda, duk inda ta kama ka sai ka ciro takarda ka rubuta me kake yi kuma ya kake ji. Amfanin wannan shine ba a dogara da tunawa ba, don mutum in aka tambaye shi jiya ya ka ji, labari zai tsara. Sun fitar da sakamakon a 1990. Masu kallon talabijin suna cewa sun sake, jikinsu ya mutu, hankali kwance. Amma da an kashe sai sakewar ta tafi nan take, mutuwar jikin da rashin kuzarin kuma su zauna. Waɗanda ƙarar ta kama bayan sun yi wasan motsa jiki ko wani aikin hannu da suke so suna cewa ransu ya fi daɗi, bayan talabijin kuwa ran yana nan yadda yake ko ya ɗan fi lalacewa. Kuma iya daɗewar mutum a zaune iya raguwar daɗin da yake cewa yana samu.

Ku duba yadda tarkon yake. Kana kunnawa ka ji sauƙi nan da nan, kana kashewa damuwar ta dawo nan da nan, to jiki sai ya koyi darasi ɗaya, kar a kashe. Ba wai fim ɗin yana ƙara daɗi ba ne a awa ta uku, tashin ne ya zama abun gudu. Wannan a zamanin da tasha ke rufewa da dare kenan a sa taken ƙasa kowa ya je ya kwanta. Yanzu fim mai dogon zango ne, kashi na tamanin da wani abu, an yanke shi daidai inda amarya ta buɗe ƙofa ta ga abun da ta gani, kafin ka miƙa hannu na gaba ya fara da kansa. Wasu masu bincike biyu, Liese Exelmans da Jan Van den Bulck, sun tambayi matasa 423 'yan shekara 18 zuwa 25 a 2017, suka ga masu jera kashi bayan kashi a zama ɗaya sun fi kukan rashin barci mai kyau da gajiya, kuma abun da ya haɗa su shine kai ba ya yin shiru in an kwanta, labarin yana ta juyawa. Kallon talabijin na yau da kullum bai nuna haka ba. Tambaya ce aka yi musu ba gwaji ba, saboda haka zai iya yiwuwa wasu dama rashin barcin ne ya kai su kallon, amma duk wanda ya taɓa jin kiran assalatu da waya a hannu ya san ta inda abun ya fi zuwa.

Akwai kuma wani bincike da ya ɗan ba ni tausayi, na Leonard Reinecke da abokan aikinsa a Jamus da Holan, 2014, mutum 471. Sun tambaye su game da jiya bayan an tashi daga aiki ko makaranta. Waɗanda suka fi gajiya, wato waɗanda suka fi kowa buƙatar hutun, su ne suka fi ganin kallon da suka yi a matsayin ɓata lokaci da gudun aiki, sai ransu ya yi ta zarginsu, zargin kuma ya cinye hutun da ya kamata su samu. An yi biyu babu, ba a yi aikin ba ba a huta ba. Ni a nan ina ganin mu abun zai fi kama mu ma, don mu da yawa mun taso ne da jin cewa kallo aikin banza ne, ana yi ana ɓoyewa, ana jin motsin Baba a kashe. Ra'ayina shine in za ka kalla ka kalla da niyyar hutu, ka san awa nawa ka ba shi, in kuma ka san ranka ba zai bar ka ba to tashi ka yi aikin, zaman tsakiyar nan shi ne asara.

Yanzu ga inda nake ganin maganar ta fi nauyi. Duk gwajin Zillmann an gina shi ne kan abu ɗaya, mutum ne da kansa yake zaɓa. Shirye-shirye shida, ga maɓalli, ɗauki wanda ranka ke so. A TikTok da Facebook da YouTube wa yake zaɓa? Ka buɗe don ka ɗan yi dariya, bidiyo na farko barkwanci, na biyu hatsarin mota a hanyar Kaduna, na uku wa'azi, na huɗu mata biyu suna zagin juna, na biyar gawa, na shida waƙa, duk cikin minti uku. In ka tuna maganar tsumin da ba ya sauka da wuri, ka ga abun da ke faruwa, fushin bidiyo na huɗu yana hawa kan na biyar, ka ajiye wayar ranka a jagule ka rasa me aka yi maka, sai yaro ya zubar da ruwa ka hau shi da faɗa.

Kamfanin Facebook da kansa ya taɓa gwada wannan a kan mutane. Mako guda a watan Janairun 2012, mutum 689,003, wasu aka rage musu rubuce-rubuce masu daɗi a shafinsu, wasu aka rage musu marasa daɗi, aka zuba ido a ga me za su rubuta. Waɗanda aka rage wa masu daɗin sai nasu rubutun ya ɗan karkata ga baƙin ciki, ɗaya ɓangaren kuma akasin haka. Da aka wallafa a 2014 duniya ta yi caa, don ba wanda aka nemi izininsa. Gaskiya tasirin ƙarami ne ƙwarai, wajen kalma ɗaya cikin dubu, masu yaɗa labarin ba su cika faɗin wannan ba. Ni abun da ya tsaya min ba girman tasirin ba ne, shine akwai wanda yake da ikon murɗa abun da mutum kusan dubu ɗari bakwai za su gani da safe, ya murɗa ɗin, kuma ba wanda ya lura sai da shi ya faɗa.

Kar kuma a ɗauka ina cewa yawan lokacin shi ne komai. Cibiyar nazarin intanet ta Oxford ta karɓi ainihin lissafin awannin wasa daga kamfanonin gem, wato wasannin bidiyo, ba abun da mutane suka ce ba, na 'yan wasa kusan 39,000 a wasanni bakwai, aka bi su mako shida, aka wallafa a 2022. Ba su ga wata shaida mai ƙarfi cewa yawan awannin yana ƙara ko rage jin daɗin rayuwa ba. Abun da ya fi tafiya da yanayin mutum shine dalilin wasan: wanda ke yi don yana so ya fi samun natsuwa, wanda ke ji kaman dole ce ta sa shi, ba ya iya bari, ya fi zama cikin damuwa. Iyaye masu ƙirga wa yara awa kawai, ga abun dubawa nan. Yaron da ya yi awa biyu ya tashi yana ba ka labari da dariya daban yake da wanda ya yi awa biyu ya tashi yana harara.

Sai dai duk wanda zai karanta irin waɗannan binciken ya riƙe abu ɗaya a ransa, su waye aka gwada? A 2010 Joseph Henrich da abokansa biyu sun nuna cewa a manyan mujallun nazarin halayyar ɗan Adam, kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da gaba ɗayansu kashi 12 ne na mutanen duniya, kuma da yawansu ɗaliban jami'a ne. Ɗalibi a Ohio shi kaɗai a ɗaki da kwamfuta ba ɗaya yake da gidan da mutum tara ke kallon waya ɗaya ba, ana yi ana sharhi, Gwaggo tana tsine wa kishiyar cikin fim kaman tana jinta, yara suna faɗin abun da zai faru don sun riga sun gani a maƙwabta, a tsakiya a ɗauke wuta kowa ya yi salati. Wani Bature mai nazarin al'adu, Brian Larkin, ya zauna a Kano a shekarun 1990 ya rubuta a 1997 kan dalilin da ya sa finafinan Indiya suka shiga ran Hausawa haka, ya ce matsalolin cikinsu namu ne, soyayya da ikon iyaye, auren dole, talaka da mai kuɗi, kunya, ga zamani amma ba irin na Turawa ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero shi ma ya daɗe yana rubutu kan yadda wannan ya zuba cikin finafinan Hausa. Waɗannan sun yi mana bayanin me ya sa muke kallon abun da muke kalla.

Abun da nake so in ga ɗalibanmu na sashen aikin jarida da na halayyar ɗan Adam sun ɗauka a furojet shine ɗaya ɓangaren, na yadda ake tashi. Kuma ba ya buƙatar wasu kuɗi, dabarar 'yar na'urar ƙugun nan yanzu WhatsApp zai yi ta. A samu matan aure da 'yan kasuwa da 'yan adaidaita da ɗalibai, a riƙa tura musu saƙo sau biyar ko shida a rana har mako guda, me kike yi yanzu, ke kaɗai ko da mutane, ya ranki, a bar wanda ba ya rubutu ya amsa da murya. A ware wanda ya zaɓi fim da kansa da wanda yake ta jan allo sama kawai, a ware mai kallo shi kaɗai da iyafis da masu kallo a tsakar gida, a kuma sa makon ya haɗa da ranar da Arsenal ke wasa.